Jitar da Na Koya Ban Taɓa Jin Muryarta Ba

Shekarun baya can, lokacin ina zaune a gidan kawuna a Gyadi-Gyadi, na shafe shekara biyu cur ina koyon jita ba tare da na taɓa jin muryarta ba. Na san wani zai ce to kurma ne shi? A'a, kunnuwana lafiyarsu ƙalau. Ku dai ku biyo ni a hankali.

Daga garinmu na shigo Kano bayan na gama makaranta, kawuna ya samo mini aikin buga takardu a wata makarantar kuɗi da ke Babban Giji. Ya ba ni shagon ƙofar gida, ɗan ɗaki mai taga ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninsa da falonsa. Kawuna mutumin kirki ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, ba a rasa shi a sahun farko, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma irin mutanen nan ne da in aka sako kiɗa a rediyo zai miƙa hannu ya sauya tasha bai ce uffan ba, kuma na sha jin yana faɗa da bakinsa cewa a danginmu kaf babu makaɗi babu maroƙi. A unguwar ban san kowa ba. Samarin layin suna da majalisarsu tun suna yara, in na zo wucewa na yi sallama su amsa, magana ta ƙare. In tashi in tafi aiki, in dawo in ci tuwon da aka miƙo mini daga cikin gida, in wanke hannu in mayar da kwano.

A makarantar akwai wani ɗan bautar ƙasa, mutumin kudu, da yake zama a ofishina lokacin tara saboda fanka. Shi ya fara jiyar da ni kiɗan rok a wayarsa, irin wanda jita ke kuka kamar za ta tsage. Ban san me ya kama ni ba, amma ya kama ni. Da zai tafi sai ya bar mini jitarsa ta lantarki, ja, duk ta sha ƙarzuwa. Sifikar da ake jona ta kuwa ya riga ya rabu da ita. Na naɗe ta a zanin gado na shigo da ita gida kamar kayan sata, na tura ta bayan katifa.

Jitar lantarki in ba a jona ta ba, muryarta ba ta fi ta sauro ba. Duk da haka, ranar farko da na taɓa ta sai na jiyo matar kawuna daga tsakar gida tana tambaya wai rediyon wa ke wannan ƙara. Na ɗauko wata tsohuwar safa na cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin, can ƙasa inda aka ɗaure su, na saƙa ta tsakaninsu. Daga nan in na kaɗa babu abin da ke fita sai tak, tak, wanda ko mai tsaye a bakin ƙofa ba zai ji ba. Na ji daɗin dabarata ƙwarai, har ina yi wa kaina kirari.

Ga yadda nake koyo. In toshe kunnuwana da iyafis, in kunna bidiyon wani yana kaɗawa, in zuba wa yatsunsa ido, nawa yatsun suna bi. Tsohon katin waya na yanke nake kaɗawa da shi. Bayan Asuba har lokacin fita aiki, bayan na dawo har kiran Magariba. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Da matar kawuna ta gani ta tambaya, na ce mata buga takardu ne, ta tausaya mini har da ba ni man shafawa. Abin da ban lura da shi ba shi ne, sautin da ke shiga kunnena duk tsawon lokacin nan na mutumin cikin bidiyo ne. Hannu nawa, murya tasa. A cikin kaina kuwa ni da shi babu bambanci, sai dai shi yana da gashi har kafaɗa.

Wata ranar Laraba na tashi aiki na hau adaidaita sahu, ni kaɗai a baya. Direban, matashi ne sa'ana, ya sako wani kiɗa da na sani kamar yunwar cikina. Ban san yatsuna suna tafiya a kan gwiwata ba sai da na ga yana leƙo ni ta madubi.

Ya rage ƙarar kiɗan ya ce, "Oga, yatsun nan naka fa sun san hanya. Kana yi ne?"

Na waiga kamar kawuna na zaune a gefena, sannan na ce, "Ina ɗan taɓawa."

"Wace iri gare ka?"

"Ta lantarki."

Sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya. Ya ce shi ganguna yake kaɗawa, su uku ne, suna haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a Tarauni, kuma sun fi shekara suna neman mai jita na biyu. "A garin nan in ka ce rok sai a ɗauka ciwon kai ne da kai," in ji shi. "Ka zo don Allah. Ni zan ɗauke ka." Ranar ya ƙi karɓar kuɗin mota.

Wurin wani tsohon sito ne a bayan gidan su mai kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin murya, wanda malamin sakandare ne, mai sanyin magana. Sun lulluɓe bangon da kiret ɗin ƙwai da tsofaffin katifu don kada maƙwabta su kawo ƙara. Na ukunsu ɗalibin jami'a ne, shi ke waƙa, kuma shi ma yana riƙe da jita. Sifika ɗaya ce babba, duk wayoyin suna shiga wani ɗan akwati mai maɓallai da suke kira mikisa, yana ajiye a kan kujera bayan mai bes. Na zare safata a ɓoye na cusa a aljihu, aka jona ni.

Bugun farko da na yi, abin da ya fito daga sifikar nan ba kiɗa ba ne. Kuwwa ce da gurnani da ƙara, duk tsirkiyoyi shida suna ihu lokaci guda. Ni kuwa, da yake rashin sani ya fi dare duhu, sai na kalle su na ce, "Wayar nan taku kamar ba ta da kyau."

Suka kalli juna. Mai bes ya ce, "Eh, takan yi haka wani lokaci." Haka muka lallaɓa har aka kira Magariba, suka ce ba laifi, na yi ƙoƙari. Asabar ta biyu ina shiga mai bes ya ce sun gyara wayar. Muka fara, sai ga sauti tas, jita tana fita ɗaya bayan ɗaya yadda na saba ji a kunnena. Na ce a raina, ai dama na faɗa musu.

Zan faɗi gaskiya, tunda na zo Kano ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan makonni ba. Na samu mutanen da za su ce mini sai Asabar. In mun tashi mu yi sallah tare a masallacin layin, mu tsaya wajen mai awara, a yi ta musu a kan wane makaɗi ya fi wane. Tun daga Litinin nake lissafin kwanaki. A wajen aiki har shugabar makaranta ta tambaye ni ko na samu budurwa ne. Kuma kaina ya fara girma. Na koyi lumshe ido, ina kaɗa kai, ina ɗan durƙusawa in an zo wajen da kiɗan ya yi zafi. Wata rana ma har na ba mai waƙa shawara ya riƙa sassauta hannunsa, ya ce to, ya gode. In na tuna wannan shawarar, har yau sai na rufe fuska.

Asabar ta shida muna tsakiyar wata waƙa mai sauri, sai tsirkiyar mai waƙa ta tsinke ta tsarge masa yatsa. Ya saki jitarsa yana yarfe hannu. Ganguna suna tafiya, bes yana tafiya, hannuna yana gudu sama da ƙasa, idona a lumshe. Sai na ji babu jita. Ko kaɗan babu. Na buɗe ido na ƙara bugawa da ƙarfi, babu abin da ya fito sai ɗan siririn sautin nan na sauro daga ƙirjina.

Mai ganga ya tsaya. Mai bes ya tsaya. Babu abin da ake ji sai janareta a waje. Mai bes ya juya da sauri yana cewa, "Ina jin wayar ce ta ɗan saki," amma na riga shi kai ido. A jikin kowane maɓalli sun manna 'yar takarda, kuma wanda aka rubuta jita ta biyu a kansa yana murɗe har ƙasa. Babu wanda ya iya kallona. Mai waƙa ya duƙufa yana duba yatsansa kamar an yanke shi gaba ɗaya.

Na cire wayata, na naɗe jitata a zanin gado. Muka je muka yi Magariba kafaɗa da kafaɗa, ban san abin da liman ya karanta ba. Mai ganga ya ce in hau ya kai ni, na hau don ba ni da ƙarfin musu. Muka kama hanya har muka yi nisa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun Asabar ta biyu."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Wallahi nauyi muka ji. Ni na kawo ka, baƙonmu ne kai. Kuma da ka ga fuskarka in kana kaɗawa, kai ma ba za ka iya ba. Muka ce a bari ka saba tukuna, a riƙa buɗe ka kaɗan kaɗan. Sai kullum a ce sai mako mai zuwa."

"Wato Asabar biyar ina yi muku rawa."

"Haba, ba haka ba ne. Hannunka yana da sauri, wallahi ya fi na mai waƙa sauri. Ƙarar ce dai ta yi yawa."

Na ce ya sauke ni a nan. Ya ce ai ba mu ƙarasa ba, na ce na sani. Na sauka na taka da ƙafa har Gyadi-Gyadi, jita a kafaɗa.

Na yi fushi, fushi mai tsanani, irin wanda kunya ke hurawa. Mai ganga ya kira ni ya fi sau goma ban ɗauka ba. Sati biyu jitar tana bayan katifa ban ko kalle ta ba. Kaɗaicin da na koma ciki ya fi na da ciwo, domin a da ban san me Asabar take nufi ba. Yanzu kuwa da an sallame La'asar sai in zauna a bakin katifa ina cewa yanzu sun tayar da janareta, yanzu sun fara, kuma babu abin da ya ragu a kiɗansu don ba na nan. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai.

Da fushin ya lafa sai na tsaya na yi wa kaina adalci. Sun ɓoye mini gaskiya, haka ne, amma ba su suka ƙirƙiro ƙarar ba. Daga hannuna ta fito, kuma ni ban ma san kamanninta ba. Na ɗauki wata tsohuwar rediyo na kai wa wani mai gyara a Unguwa Uku, na yi masa bayani, ya huda mata wurin jona waya ta koma 'yar sifika. Ranar Lahadi makarantarmu babu kowa sai dattijon da ke gadi. Na ce masa ina da aiki a ciki, ya buɗe mini. Na shiga ajin 'yan firamare biyu, na zauna a kan ɗan bencin da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata, na jona, na kaɗa.

A ranar na fara haɗuwa da kaina, kuma ban ji daɗin haɗuwar ba. Tsirkiya biyu ma ba a kan daidai suke ba, Allah kaɗai ya san tun yaushe. In na ɗaga yatsa daga wata sai ta ci gaba da kuka, in na matsa zuwa wata sai hannuna ya gogi ta kusa da ita ita ma ta ɗauka. Ashe rabin aikin mai jita shi ne hana tsirkiyoyin da ba ya so yin magana, kuma shekara biyu safa ce take yi mini wannan rabin. Ni gudu kawai na koya. Can sai ga mai gadi ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, injin buga takardun ne ya lalace?" Na ce masa eh Baba, gyara nake. Da ya tafi na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, ni da gemuna, a ajin 'yan firamare biyu.

Daga nan na koma farko. Na daina kunna bidiyo ina bi. Na koyi ɗora gefen tafin hannun dama a kan tsirkiyoyin sama, na koyi kwantar da yatsun hagu da ba sa aiki a kan na ƙasa. Sauti ɗaya zan buga, in saurare shi har ya mutu, in tabbatar shi kaɗai ya fito, sannan in buga na biyu. Akwai agogon bango a ajin, da shi nake auna tafiyata, duk motsi ɗaya bugu ɗaya, ni da nake ganin na fi mai waƙa sauri. Nakan ɗauki kaina a waya in saurara a hanyar gida, wani lokaci tun kafin in kai titi sai in kashe don takaici. A gida kuma dole in mayar da safa, saboda haka abin da na gyara ranar Lahadi sai ya ɗan warware kafin wata Lahadin. Wajen wata huɗu na yi a haka, babu mai cewa ya yi babu mai cewa bai yi ba, sai zanen tumatir da kifi da yara suka manna a bango.

Wata Asabar ban kira kowa ba na naɗe jita na tafi Tarauni. Tun daga bakin layi nake jiyo gangunan can ƙasa-ƙasa, sau biyu ina juyawa zan koma. Na yi sallama na tura ƙofa, suka tsaya cak. Mai ganga ya miƙe ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta cewa, "Kai mutumin nan, kai mutumin nan." Mai bes ya fara neman kalmomin ban haƙuri, na tare shi.

Na ce, "Malam, ya wuce. Abu ɗaya nake roƙo. Ka buɗe ni yadda ka buɗe kowa. In ta yi muni ku faɗa mini a gabana, ba zan mutu ba."

Ya murɗa maɓallin ina kallo. Mai ganga ya ƙirga, muka shiga. Na ji jitata ta fito daga babbar sifikar nan, daban da ta mai waƙa, siririya, tana ɗan ɗingishi, amma ita kaɗai take magana babu 'yan rakiya. Muka wuce baiti na farko, muka shiga amshi. Sai kawai mai ganga ya ajiye sandunansa.

Ya nuna ni ya ce, "Tsaya, tsaya. Kana riga ni. Da mun zo amshi sai ka kama gudu kamar mai bin mota. Ni za ka saurara, ba kanka ba. A sake."

Na tsaya ina kallonsa, sai na ji bakina ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Dariyar me kake yi? Da gaske nake fa."

Na ce, "Na sani. A sake."

Sau shida muka sake amshin nan kafin a kira Magariba, kuma a na shidan ma bai ce ya yi ba, cewa ya yi da sauƙi.

Ƙungiyar ba ta yi nisan kwana ba. Shekara guda muka ƙara, ba mu taɓa yin wasa a gaban kowa ba. Mai waƙa ya tafi bautar ƙasa, mai bes ya yi aure aka mayar da siton ɗaki, mai ganga ya koma tuƙin babbar mota, sai dai mu gaisa a waya lokacin sallah. Ni yanzu ina da gidan kaina, kuma har yau ni kaɗai nake kaɗawa, bayan La'asar, in na samu sarari. Ban zama gwani ba, har yanzu ina gudu a amshi.

Ban riƙe su a zuciya ba. Kara suka yi mini, kuma a gidajenmu haka aka rene mu, ni ma na sha yi wa wasu irinta. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mun fi iya faɗar karin maganar a kan aikata ta. Abin da na sani dai shi ne, shekara biyun da na yi ni kaɗai a shagon kawuna ba su kai Asabar biyar ɗin nan kaɗaici ba, duk da cewa a lokacin ina tsakiyar mutane, ana yi mini murmushi, ana ce mini ba laifi. Na daɗe a Kano ana gaishe ni ana ciyar da ni. Amma ranar da direban adaidaita sahu ya ajiye sandunansa ya yi mini faɗa a gaban mutane, ranar ce aka fara jina.